Fatar Sitiyarin Sada

Duk wanda ya san tashar Birnin Kudu a shekarun da arzikin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, ya san Sada mai Landiroba. Ba wai motar kyau gare ta ba, don ta tsufa tun kafin yaƙin basasa. Baturen gona da Sada ya yi wa tuƙi shekara shida ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, shi kuwa ya sa aka kafa mata benci biyu a baya, ya shiga jigilar mutane tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ran kasuwa ya biya ta Sara. Fentinta ya koɗe, ƙofar fasinja sai da igiya take rufuwa. Amma sitiyarinta kam, ko sababbin Fijo da ma'aikata suka sayo bayan ƙarin albashin Udoji ba su da irinsa.

Jar fatar akuya ce aka naɗe shi da ita, ɗinkin wani baduku a Gwaram mai suna Ɗanbala, tun zamanin Baturen. Shekaru sun mayar da ita baƙi-baƙi, inda hannu ke kamawa ya yi sumul yana ƙyalli. Kullum da safe, kafin ya tayar da inji, Sada zai bi ta da tsumma mai ɗan laima ya ɗauke gishirin gumin jiya, ya bari ta sha iska, sannan ya lakaci man kaɗe ɗan mitsitsi, ya murza a tafin hannu har ya narke, ya bi fatar da shi a hankali yana zagayawa. In ya tsaya a rana, sai ya lulluɓe ta da tsohon kallabin matarsa Turai. Akwai wani makanike da ya taɓa kama ta da hannu duk baƙin mai, har yana cewa ai kalanzir zai fitar. Wata uku Sada bai sake kai masa aiki ba.

A daminar saba'in da biyar fatar ta fara yi masa wani iri. In ya kama sitiyarin da hannun dama sai ya ji kamar an shimfiɗa ƙyalle tsakaninsa da ita. Ya ce laimar damina ce. Ya rage man kaɗen, bai ji canji ba. Ya ƙara, sai ta yi santsi. Ya bar matar da yake sayen man a wurinta ya koma wurin wata, ya wanke fatar da sabulun salo, ya shanya ta a inuwa yini guda bai fita aiki ba. Duk a banza. Tun yana ɓoye damuwarsa har abokan tasha suka lura: mutumin da ke iya zama a benci tun hantsi yana hira har mota ta cika, yanzu sai ya hau motar ya sauko, ya zagaya ta, ya sake hawa ya shafa sitiyari, ya yi tsaki.

Wata safiya yana shan koko, Turai ta tsura wa hannunsa ido.

"Malam, me ya sami yatsanka?"

Ya duba. Bororon ƙuna ne a gefen ƙaramin yatsa, har ya ɗuri ruwa.

"Murfin lagireto ne," ya ce da sauri, ya mayar da hannun cikin riga.

Gaskiyar magana bai san lokacin da ya ƙone ba.

Bayan kwana huɗu, an kwana ana ruwa, ya ɗauko mutum goma sha ɗaya zuwa Gwaram. Sun kusa Maruta, hanya ta zama jan taɓo, sai ga garken shanu ya ɓullo daga cikin dawa. Sada ya taka birki ya karkata sitiyari, hannun dama ya zame. Motar ta yi gefe, ta tsallake kwalbati ta faɗa gonar gyada ta tsaya a karkace. Mata suka ɗauki salati, kwandon kaji ya kife, wani tsoho ya rasa hularsa a taɓo. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Da maza suka taru suka tura ta kan hanya, Sada ya ce tayoyi ne suka suɗe. Amma shi ya san abin da ya tsinka masa zuciya: bai ji lokacin da hannunsa ya bar sitiyarin ba. Da ido ya gani.

Yana sauke fasinja a Gwaram bai tsaya lodin komawa ba, ya zarce rumfar Ɗanbala a bakin kasuwa. Tsohon yana zaune kan buzu yana ɗinkin kube, gashin kansa duk ya yi fari.

"Baba, fatar nan ta mutu. A cire ta a sa sabuwa, yau ɗin nan."

"To, mu gaisa tukuna," in ji Ɗanbala. "Ina iyali?"

Sada ya ji kunya ya durƙusa suka gaisa. Sannan tsohon ya miƙe da ƙyar ya hau motar, ya bi fatar da yatsunsa, ya matsa ta, har ya sunkuya ya shinshina.

"Wa ya ce maka ta mutu? Shekara goma sha shida ke nan da na ɗinke ta, ban taɓa ganin wanda ya riƙe aikina kamar yadda ka riƙe wannan ba. Ta siɗe a nan da can, shi ke nan." Ya juya sitiyarin, sai ya tsaya. A can ƙasa, ta ɓangaren dama, ɗinki ya warware, ƙullin zaren ya bushe ya yi tsini kamar ƙaya. Fatar da ke kewaye da shi ta yi wani baƙin tabo. Ya kankare da farce ya duba.

"Wannan jini ne. Ba na yau kaɗai ba. Kawo hannunka."

Sada ya miƙa. A gefen tafin akwai tsaga uku, ɗaya ta warke, biyu sababbi. Tsohon ya riƙe hannun, ya ɗaga kai ya nuna can gaba da haɓa.

"Waccan motar da ke shigowa, ta wace ce?"

Sada ya waiwaya. "Ta Maikano ce, daga Sundimina yake."

Da ya juyo, sai ya ga tsohon ya soka masa bakin basilla, babbar allurar dukanci, a cikin naman hannunsa, ɗan ɗigon jini ya taru a gindinta. Bai ji komai ba.

Hayaniyar kasuwa ta yi wa Sada nisa.

"Yayana haka ya fara," Ɗanbala ya ce a hankali. "Shi ma baduku ne, ya fi ni gwaninta. Ya yi ta zagin allura yana cewa ba ta kama hannu. Shekara huɗu muna bin masu saiwa da turare, har yatsun suka tafi. A lokacin babu ƙwayar da ake bayarwa yanzu. Kai akwai. Ka je asibiti, Sada."

"Ni ka ke kira kuturu?" Muryar Sada ta tashi har mai sayar da tabarmi a gefe ya juyo. "Gyaran fata na kawo maka, ba duba ba!"

"Ban kira ka komai ba, ɗan nan. Asibiti na ce."

Sada ya ja motar ba ko sallama. Mutanen da ke jiransa a tasha suna ɗaga hannu, ya wuce su. Ya iso Birnin Kudu bai shiga gari ba, ya ɗauki hanyar Kano da gudu, bai san inda za shi ba. Ya yi mil kusan goma, ya juyo. Ya tsaya a gindin duwatsu ya kashe inji, ya fito, ya koma ciki. Ya ciji gefen hannun har shatin haƙora ya fito a jiki. Ya tuna mutanen da ke zama a ƙofar tasha da ƙoƙunansu, yadda yake miƙa musu sadaka yana kiyaye kada yatsunsa su taɓa nasu. Ya tuna 'ya'yansa mata uku, da abin da za a riƙa kiransu da shi a gari. La'asar ta same shi a nan, ya yi ta a kan dutse, amma bai san surar da ya karanta ba.

Ya shiga gida kafin magariba, Turai tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsaya a kanta ya kasa zama. Da ƙyar ya faɗa mata abin da ya faru a rumfar Ɗanbala, yana jiran ta yi kururuwa. Ba ta yi ba. Ta ajiye rariya, ta karkaɗe hannu.

"Akwai wani tabo a bayanka, Malam, ƙasan kafaɗa. Ya fi sauran jikinka haske. Wata biyu ke nan ina ganinsa. Ran nan kana barcin rana na taɓa shi da tsinke, ba ka motsa ba."

"Kika yi shiru?"

"Na rasa ta inda zan fara. Kullum sai in ce gobe." Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. "Gobe da safe tare za mu tafi asibiti. Ni zan riƙe maka katin."

Malamin asibitin da ke duba masu irin wannan ciwo, Malam Iliyasu, mutum ne mai yawan magana. Ya sa Sada ya rufe ido, ya riƙa shafa masa auduga a baya da hannu yana cewa ya nuna inda ya ji. Ya matsa masa gwiwar hannu, ya gyaɗa kai.

"Ita ce. Amma ka zo da ƙafarka, da yatsunka goma, ka gode Allah. Ga ƙwaya, za ka daɗe kana sha, shekaru nake nufi, kuma kada ka ga sauƙi ka daina. Kullum ka duba hannun nan da ido, tunda shi ba zai gaya maka in ya ji ciwo ba. Mota kuwa, ka ajiye ta wata uku tukuna."

Watanni ukun nan su ne mafi tsawo a rayuwar Sada. Motar tana ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, shi yana kai da kawo tsakanin zaure da ita. In ya ji ƙarar wata mota a titi sai ya miƙe. Labari kuwa ya riga ya zaga gari. Waɗansu abokan tasha suka zo gaisuwa suka tsaya daga bakin zaure, waɗansu ba su zo ba sam.

Ana cikin haka, wata Asabar, sai ga Ɗanbala ya sauka daga motar Maikano da jakar kayan aikinsa. Bai tayar da zancen abin da ya faru tsakaninsu ba, Sada ma ya rasa bakin ba da haƙuri, sai kawo ruwa da tabarma yake ta yi. Tsohon ya warware ɗinkin gaba ɗaya, ya ɗaga tsohuwar fatar, ya shimfiɗa auduga a ƙarƙashinta don sitiyarin ya yi kauri ya cika hannu. Inda ta siɗe ya yi mata maho da fatar tunkiya mai laushi. Ya mayar da ɗinkin da sabon zare, ya juya kowane ƙulli ciki yadda babu abin da zai taɓa nama.

"Duk Juma'a ka bi ɗinkin nan da hannun hagu," ya ce yana haɗa kayansa. "In ka ji wani abu ya yi tsini, kada ka jira, ka kawo mini."

Ƙaramin yatsan Sada ya lanƙwashe, bai sake miƙewa ba har ƙarshen rayuwarsa. Sauran tara suka tsira.

Ranar da ya koma tasha, bayan kaka, ya faka a inda ya saba tun da sassafe. Motar da ta zo bayansa ta cika ta tashi. Ta biyu ma haka. Mutane su zo, su hango shi, su yi kamar suna neman wani abu a can gefe. Ya hau ya sauka ya fi sau goma. Hantsi ya yi, yana shirin tayar da inji ya koma gida, sai ga wata dattijuwar Bafulatana, Inna Hapsatu, da ke kai man shanu kasuwar Sara, ta sauke ƙwaryarta a gaban motar tana haki.

"Kai, Sada, ina ka shige? Wata uku yaran nan suna jijjiga mini ƙashi a hanya, ba su san rami ba, ba su san tudu ba. Buɗe mini gaba."

"Inna, ba ki ji abin da ake faɗa ba ne?"

"Na ji. Hannunka zan ci ko Sara za ka kai ni? Kwance igiyar nan, rana tana narkar mini da mai."

Ya kwance igiyar ƙofar ta hau, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Can sai wani malamin Islamiyya ya zo ya hau baya, sai wasu 'yan tireda biyu da buhunan gishiri. Inna Hapsatu ta leƙo ta taga ta fara faɗa, tana cewa in mutum huɗu ba su ishe shi ba to ita za ta sauka ta taka da ƙafa. Sada ya yi bisimilla, ya ba mota wuta, suka kama hanyar Sara.