Abin da Ke Ƙarƙashin Totur

Saura kaɗan ta kai ƙoƙuwar tudun, Shahina, motar Ubaid, ta sake shaƙewa. Halfan yana tsaye a gindin Jan Tudu ya ji kukan injin ya yi sanyi, tayoyin baya suka soma haƙa, sannan tsohuwar jif ɗin ta sulalo da baya a hankali. Samarin garin Liwa da ke jingine da sababbin motocinsu suka kwashe da dariya.

"Kawu Ubaid, ka sayo mata sanda mana!"

Ubaid ya fito yana haki, ya dafa ƙofa. Bai kalli samarin ba. Halfan ya kalla.

Wannan mota ta girmi duk masu dariyar. A da, in Ubaid ya rage mata iskar taya, ya ja baya ya ɗebo gudu a giya ta biyu, kafin mutum ya gama Fatiha tana can sama tana huci. Ko bara ta hau. Amma tun shigowar sanyin bana kowace Juma'a a wuri guda take tsayawa.

"Wa ke buɗe bonet ɗin nan in ba kai ba?" in ji Ubaid.

"Bu Ganim, me kake nufi?" in ji Halfan, yana kiransa da sunan babban ɗansa.

"Abin da ka ji. Taka motar ba ta taɓa ganin bayan tudun nan ba har ka sayar da ita. Yanzu tawa ma kana so ta mutu a ƙasa."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu tun suna angwaye.

Halfan ya kai motar rumfarsa ta kanikanci ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Fulogi lafiya. Kafireta tsaf. Ya tsiyayi mai a kwalba ya ɗaga a rana, don ya daɗe bai yarda da mai gidan man bakin hanya ba. Babu ruwa a ciki. Sai zuciyarsa ta koma kan Ganim, babban ɗan Ubaid, wanda tun da likita ya yi maganar zuciyar uban yake ta kewaye makullin motar. Ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Ka taɓa motar babanka?"

"Ni? Baffa Halfan, ko ƙurar jikinta na share sai ya yi mini kwana uku ba magana."

Idonsa bai kauce ba. Halfan ya dawo gida yana zargin har kansa: ko hannunsa ne ya tsufa bai sani ba?

Sifanar kwance noti ce ta suɓuce masa ta faɗi a wajen direba. Ya durƙusa nemanta, ya ɗaga shimfiɗar robar ƙasa, sai ya ga abin. Dunƙulen saƙar ganyen dabino, bai wuce girman ƙwai ba, an ɗaure shi tam a ƙarƙashin totur. Ya danna da hannu. Totur ɗin ya tsaya bai kai ƙasa ba. A kan titi ba wanda zai lura. A kan tudu kuwa wannan ɗan ragowar shi ne komai. Ciwon suga ya daɗe da kashe wa Ubaid tafin ƙafa. Ba zai taɓa ji ba.

Saƙar tana da jan zare a tsakiya. Duk unguwar mace ɗaya ke rina ganye da wannan jan. Faifan da ke kan tulun gidan Halfan ma aikinta ne.

Ya bari sai da Ubaid ya tafi gonar dabino da hantsi, sannan ya ƙwanƙwasa. Moza, matar Ubaid, ta amsa daga bayan ƙofa.

"Ummu Ganim, na ga saƙarki."

Moza ta rage murya.

"Ka cire?"

"Ban cire ba tukuna."

"To kar ka cire. Shekara nawa ina zaune gefensa ina kallon ƙafar nan? Na san inda take kaiwa. Likita ya ce in zuciyar ta buga a can sama, motar ce za ta birkito da shi. Na roƙa, na yi kuka, ya ce mata ba su san tudu ba."

"Ni yake zargi, Ummu Ganim. Ko gaisuwata ba ya amsawa."

"Na sani. Ka yafe mini. Amma kai in ya yi fushi da kai, katanga za ka tsallaka ka shiga gidanka. Ni fa?"

Halfan ya koma rumfa ya zauna a wajen direba, hannunsa a kan ƙullin. In ya kwance, ya wanke kansa, wataƙila kuma ya kashe mutum. In ya bari, ya zama abin da ake zarginsa da shi, don daga yau ya sani. Ya daɗe yana juya abin, bai ga gefen da babu datti ba. Ya mayar da robar ya rufe.

Juma'ar da ta biyo baya Shahina ta tsaya a wurinta. Ubaid ya ɗauke ta daga rumfar Halfan ya kai wa wani bakanike a gari, wanda ya sauya abubuwa da yawa a injin bai taɓa leƙa ƙarƙashin totur ba. Ta sake tsayawa. A zauren unguwa, in Halfan ya shigo, Ubaid sai ya kife kofin gahawarsa ya miƙe. Mutane suka fara duban Halfan ta gefen ido. Wasu suka daina kawo masa motocinsu.

Tudun bai kashe Ubaid ba. A tsakar gidansa ya faɗi, yana zuba wa awaki ciyawa. Da aka dawo da shi daga asibiti, kowa ya gane dalilin da ya sa aka dawo da shi.

Shi ya aika a kira Halfan, bayan la'asar. Ɗakin yana warin turare da magani. Moza tana zaune a ƙuryar gado, fuska a rufe, tana jiƙa masa leɓe da ruwa.

"Zauna, maƙiyin Shahina." Muryar ta zama siririya. "Tafiya zan yi. Ba na son in tafi da zato, zato zunubi ne. Ka faɗa mini. Ka san abin da ke damunta?"

Hannun Moza ya tsaya a kan kofin.

"Na sani," in ji Halfan.

"Kuma ka bar ta haka?"

"Na bar ta haka."

"Kai kaɗai?"

Halfan ya dubi darduma. Bai iya ƙarya ga mai mutuwa ba, bai kuma iya ɗaga ido wajen ƙuryar gadon ba.

"Abin da na yi ke nan, Bu Ganim. Shi zan amsa."

Ubaid ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya fuska bango, ya lalubi hannun matarsa ya riƙe.

Washegari da hantsi aka binne shi. Halfan yana cikin masu ɗaukar makara, ya kuma ji yadda na kusa da shi ya ɗan matsa don kada kafaɗunsu su haɗu.

Bayan an tashi zaman makoki Ganim ya shigo rumfa ya ajiye makulli a kan benci.

"Baba ya ce a ba ka ita. Ya ce ka hau da ita, ka ga abin da ka hana shi gani." Ya juyo daga bakin ƙofa. "Baffa, me ya haɗa ku ne?"

"Je ka kula da mahaifiyarka."

Halfan bai jira Juma'a ba. Ya je Jan Tudu da sassafe, babu kowa. Ya tsuguna ya rage iskar tayoyin, ya kwance ƙullin ya ɗora a gaban gilashi. Ya ja baya, ya sa giya ta biyu, ya taka har ƙasa.

Shahina ta yi wani kuka da ya manta tana da shi. Ta wuce wurin tsayawarta ba ta ko waiwaya ba. Bai kai ƙarshen Fatiha ba gabanta ya daidaita, sararin ya buɗe, tuddai ja bayan tuddai ja har inda ido ya gaji.

Ya kashe injin. Kujerar ta lotsa daidai jikin wani mutum, ta ƙi karɓar bayansa. Ƙarfen yana ƙas, ƙas, yana hucewa. Iska ta shigo ta taga, ta mirgina ɗan ƙullin mai jan zare daga wannan gefen gilashi zuwa wancan.