Rawar Shiru a Filin Bayan Kasuwa

Ni dai ban taɓa son iyafis ɗin nan ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Shekara da shekaru muna rawarmu ta yamma a filin bayan kasuwar kayan lantarki a nan Shenzhen, lasifika na tashi har kana jin kiɗan a ƙirjinka. Sai mutanen benaye suka kai ƙara wai muna hana jarirai barci. Darakta Meng, shugabar kwamitin unguwa, ta ce ko dai kowa ya sa iyafis marar waya, ko ta sa a dasa furanni a filin. Ranar da ta sake jin lasifika, ranar za a kawo taki.

To mu tsofaffi, in an raba mu da filin nan sai ina? Sai zaman ɗaki da jiran jika ya dawo makaranta. Haka muka sayi iyafis da ɗan akwatin da ke watsa musu kiɗa.

Tun ranar farko abin ya ƙi. Kiɗa ya zo, ya yanke, ya dawo. Ni da ke jan layin gaba in ɗaga hannu, na baya suna durƙusawa. Kuma ga Malam Dou da mutanensa masu rawar bibbiyu a ɗaya gefen filin, su ma da nasu akwatin. Da ma mun saba da shi tun zamanin lasifika, in ya ƙara murya mu ƙara. Da nasa ya fara yankewa ya sayo doguwar eriya. Na ce a bakin me? Na sayo wadda ta fi tasa. Daga nan kiɗan kowa ya koma kamar mai shaƙuwa.

Ranar da wata ta taka mini ƙafa na cire iyafis na ce, "Gobe lasifika zan kawo, a dasa furannin a kaina!"

Sai Yaya Ruan ta matso daga layin baya. Injiniya ce, ta yi ritaya daga kamfanin da ke ƙera kayan cikin irin waɗannan na'urori. Ba ta daɗe da shigowa cikinmu ba, kuma ba ta taɓa taka rawa daidai ba, amma a lokacin wa ke takawa daidai?

"'Yar Barkono," ta ce, don haka suke kirana, "ba ni mako guda kafin ki ƙone mu."

Washegari ta fara zagaya filin da wayarta a hannu, tana kallon wasu layuka masu hawa da sauka. Na bi ta don in ga ƙarshen abin.

"Hanya ɗaya ce tal a cikin iskar nan," in ji ta. "Waifai na shaguna, bulutut na wayoyin masu wucewa, akwatinmu, na Malam Dou, duk a kanta suke bi. Namu tsalle yake yi daga layi zuwa layi yana neman inda babu kowa. In kowa ya baje kayansa a tsakiyar hanya, ina zai sa ƙafa?"

Shago shago ta bi. Ba ta shiga ta ce a gyara kaza. Sai ta zauna wurin Kawu Pang mai taliya ta ci kwano guda, ta yaba romon, ta tambayi ciwon gwiwarsa, sannan ta roƙi ya bari ta matsar da waifai ɗinsa gefe guda. Haka ta yi wa mai shayi da mai gyaran waya. Na ce mata, "Yaya, kafin ki gama da layin nan siket ɗinki ba zai shige ki ba." Wallahi matar nan ta burge ni, ko da yake ban faɗa mata ba.

Da ta gama da shaguna ta juyo kaina. "Cire eriyar nan. Mu rage ƙarfin namu."

"Mu fara ragewa? A gaban Dou? Ki ce in tuɓe mutuncina in shimfiɗa masa ya taka!"

"Ke riƙe naki. Nawa zan kai."

Ta cire eriyar, ta ɗauki ledar lemo ta tsallaka filin, ni kuma na bi ta ina huci. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Malam Dou, ashe akwatinmu ne ke ɓata muku kiɗa. Mun rage shi. A yi haƙuri da mu."

Bakin mutumin ya buɗe. Ya dubi mutanensa, duk suna kallo. A bar mata su fi shi kara a bainar jama'a? Ina!

"Haba Injiniya Ruan, ai namu ne mai laifin! Ku kuka rage? To ni zan fi ku ragewa."

Ya murɗe nasa har na bayansa suka daina jin komai. Na ce, "Malam, haka za su yi ta rawa da kiɗan zuci?" Ya ce, "'Yar Barkono, ko yau ba za ki huta ba?" Yaya Ruan dai ta kama aikinta. Ta aro gorar shanya guda biyu, ta ɗaure kowane akwati a sama, ta kafa shi a tsakiyar masu shi, ta ba su rabin hanya ta bar mana rabi.

Ranar da mako ya cika Darakta Meng ta zo da yamma, don ta ji labarin barazanata. Ta tarar da filin cike, rawa biyu na tafiya, ba ka jin komai sai sautin takalma. Kiɗa a kunnena garau, bai yanke ko sau ɗaya ba. Ta tsaya jim, ta gyaɗa kai ta wuce. Hawaye suka zo mini, na ce zufa ce.

Da na juya na duba layukana, kowa ta ɗaga hannun dama. Mutum ɗaya ce ta ɗaga na hagu, can a baya, kuma ta makara. Duk filin an gan ta.

Da aka tashi na tare ta. "Yaya, ashe ke matsalarki ba iyafis ba ce?"

Ta yi dariya tana naɗe gyalenta. "Ni kiɗa bai taɓa yanke mini yadda ya kai haka ba. Ƙafar ce."

"Kin san za a gane, kika gyara mana kiɗan?"

"To da in bari a dasa furanni?"

Washegari na bar wa wata layin gaba, na koma baya kusa da ita ina ƙirga mata. Har yau hagu take ɗagawa.