Ranar da Fintan Ya Rasa Mai Rataye Shi

A garin Kilmurna in ka tambayi gidan Mulqueen sai a tsaya ana sosa ƙeya, amma ka ce gidan Yatsa, ko ɗan yaye zai kai ka har ƙofa. Sunan ya samo asali ne tun tawayen da aka yi wa mulkin Ingila a 1798, lokacin da sojan Ingila suka shigo neman Dinny Culhane, maƙerin da yake ƙera wa 'yan tawaye mashi. Dinny ya ɓuya a rumbun ciyawa na bayan coci. Sojan suka tare wani Mulqueen yana koro saniyarsa, suka ɗora masa bindiga a ƙirji. Bai ce uffan ba, bawan Allah, yatsa kawai ya ɗaga. Kafin rana ta faɗi an rataye Dinny a kan gada. Tun daga nan duk namijin da aka haifa a gidan sunansa Yatsa, kuma mutanen Kilmurna, waɗanda ba sa tuna inda suka ajiye tabaraunsu da safe, ba su taɓa manta wannan ba.

Yatsan wannan zamani dattijo ne mai kiwon shanun madara, shiru-shiru, hannuwansa kullum a aljihu. Ko hanya aka tambaye shi da haɓa yake nunawa. Matarsa Assumpta ma Yatsa take ce masa, da daɗi da ba daɗi. Ya saba, ko kuwa ya ɗauka ya saba, sai ranar da aka yi wa jikarsa ta fari baftisma. Fada Aylward na zuba mata ruwa, sai ya jiyo wata a bayansa tana raɗa, "Kai, Ƙaramar Yatsa akwai kyau." Abin ya soke shi har zuci. Yarinyar da ko haƙori ba ta yi ba, an riga an rataya mata laifin wani matsoraci da saniyarsa.

Ana cikin haka tawayen ya cika shekara ɗari biyu, Malama Nuala Geraghty, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ta ce sai an yi wasan kwaikwayon abin a tsakiyar gari. Ita Malama Nuala in ta ce za a yi, to an gama, don babu gemun da bai taɓa shan rularta ba. Aka taru a zauren coci ana rabon aiki. Fintan Culhane mahauci, ɗaya daga zuriyar Dinny, ya miƙe tun kafin a kira shi.

"Ni za a rataye," ya ce yana bugun ƙirji. "Haƙƙin gidanmu ne."

"To, saura mai nunawa," in ji Malama Nuala.

Kujeru suka yi ƙara gaba ɗaya, kowa ya waiwayo. Duk ido ya koma kan Yatsa.

"Haba Malama," ya ce, "ba wani?"

"Wa zai iya kamarka?" Podge Lacey mai gidan giya ya cafe. "Ai kai ba sai an koya maka ba, a nono ka sha."

Zaure ya kwashe da dariya. Yatsa ya duba ya ga in ya ƙi, za a ƙara wata shekara ɗari ana maganar ƙin da ya yi, sai ya gyaɗa kai.

Gari ya haukace da shiri. Mata suka sauke jajayen labulen zauren coci suka ɗinka rigunan soja. Tsintsiyar da ke da sanda duk ta rasa sandarta, an maƙala gwangwani an yi mashi. Aka kafa gungumen rataya a bayan tarakta. Fintan kuwa ya haddace jawabin ban kwana, yana yi wa duk wadda ta zo sayen tsiran alade, har sai ta yi hawaye kafin ya miƙa mata ƙunshinta. Matsala ɗaya ce, babu ɗan Kilmurna da ya yarda ya zama sojan Ingila ko da wasa. Dole aka yi aron samari daga Rathdoon, maƙwabtan da suka saba lallasa Kilmurna a ƙwallo, da alkawarin giya kyauta. Su kuma suka ce ba su da lokacin gwaji, ranar kawai za su zo.

Ranar ta zo da yayyafinta. Titi ya cika maƙil, har da 'yan gari da suka dawo daga Boston da Birmingham da kyamarorinsu. An turo Iya Hanoria Culhane, kakar Fintan, a keken guragu an ajiye ta gaba-gaba, an lulluɓe ta da bargo. Ta haura casa'in, kuma ba ta taɓa amsa gaisuwar ɗan gidan Yatsa ba. Fintan ya shige rumbu ya ja ƙofa. Samarin Rathdoon suka sauko daga mota suna cusa hannu a rigunan labule, Malama Nuala ta yi musu bayani a tsaye: "Za ku tarar da wani tsoho da saniya. Inda ya nuna, nan za ku afka. Kun ji ko?"

Ta hau kan akwati da lasifika. "A wannan baƙar rana," muryarta ta karaɗe gari, "aka ci amanar Kilmurna!"

Yatsa na tsaye da igiyar saniya a hannu. Sojan suka iso da bindigogin katako, babbansu, wani ƙato mai jan gashi, ya daka masa tsawa.

"Kai tsoho! Ina maƙerin?"

Yatsa ya zaro hannu daga aljihu. Ga rumbu nan a damansa, har yana hango ƙafar Fintan ta ƙasan ƙofa. Ga 'yarsa can cikin taro ta ɗaga jaririyar sama wai ta ga kakanta. Shi dai bai shirya komai ba, ko a gaban Fada zai rantse. Hannun ne ya tashi, ya yi ɗan jim, ya karkata hagu, ya miƙe sak ya nuna lungun da ke gangarawa fadama.

"Can!" ya ce, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. "Yanzun nan ya bi can, ku yi sauri!"

Samarin Rathdoon, da ba su san rumbu ba balle fadama, suka kwasa a guje suna ihu.

"Ba can ba!" Malama Nuala ta kurma a lasifika. "Yesu, Maryamu da Yusufu, ku dawo! Yatsa, me ka yi?"

Ina! Na gaba ya riga ya nutse a laka har gwiwa, na baya suka hau kansa. Podge Lacey ne ya fara farga. Ya ɗaga sandar tsintsiyarsa sama ya ce, "Jama'a, sun maƙale! A bi su!" Ai kuwa sai gari ya ɓalle. 'Yan tawayen da aka koya wa yadda za su faɗi su mutu suka tsallake mutuwar suka yi lungu. Mata suka bi da lema, yara da gwangwani, wani Ba'amurke ya ajiye kyamara ya tuɓe takalmi. Saniya ta fizge igiya ita ma ta bi sahu. Aka yi ta jifa da laka har samarin Rathdoon suka ɗaga hannu suna dariya suna roƙon a yi musu rai.

"Wannan ba ya cikin tarihi!" Malama Nuala ke ta faɗi. Fada Aylward na gefenta ya riƙe ciki, hawaye na zuba, ya kasa ko tsayuwa daidai.

Can sai ƙofar rumbu ta buɗe, Fintan ya fito da ciyawa a ka.

"Wai ina masu kama ni ne? Ƙafata har ta yi tsami!"

Da ya gane abin da ya faru sai ya yi kan Yatsa. "Kai wane irin mugu ne? Wata guda ina haddar jawabi! Kakanka ya sa an rataye kakana, kai kuma ka hana a rataye ni. Me muka tsare muku ne a gidan nan?" Ya haye bayan tarakta da kansa, ya zura wuya a igiya, ya fara, "Ya ku 'yan'uwana, yau zan mutu…" Masu dawowa daga fadama, baƙi ƙirin da laka, suka ce ba ka isa ba, suka sunkuce shi a kafaɗa suka yi gidan Lacey da shi suna waƙa, yana wutsil-wutsil yana cewa a bar shi ya mutu tukuna. Wani ya sami igiyar ƙararrawar coci ya dinga ja ba ƙaƙƙautawa.

Yatsa ya tsaya shi kaɗai a titi, dariya na cin sa, tsoro ma na cin sa. Sai ya ji an ƙwanƙwasa masa ƙafa da sanda. Iya Hanoria ce, an manta da ita a kekenta cikin yayyafi. Ya cire hula.

"Iya, a yi haƙuri. Na ɓata muku wasa."

Ta ƙare masa kallo, sama da ƙasa.

"Ka ɓata kam," ta ce. "Yaron nan Fintan sai ya yi sati bai ci abinci ba." Bakinta ya ɗan motsa. "Ɗan nan, wai ya ma sunanka? Na baftisma nake nufi."

Ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Malachy, Iya."

"To, Malachy, tsayawa za ka yi ruwa ya cinye ni? Tura ni gida, mu sha shayi."