Dutsen Godiya

Farfesa Garrett Lindqvist azzalumi ne, kuma yawan murmushinsa bai rage masa ko ƙwayar zarra daga zaluncin ba. Shi ne shugaban cibiyar koyar da ilimin farin ciki a jami'ar garinmu, nan Kanada, inda ake horar da zuciya ta riƙa hango alheri ko a cikin gobara. Ɗalibai daga ƙasashe masu nisa suke zuwa su sha sanyinmu, don su koma su tsara wa gwamnatocinsu yadda za a kula da lafiyar ƙwaƙwalwar jama'a.

Cibiyar tana da al'adarta. Duk Alhamis da safe ana zama a zagaye, kofi da donat, wato fanken Turawa, a tsakiya, ana miƙa wani ɗan dutse mai sulɓi daga hannu zuwa hannu. Wanda dutsen ya iso gare shi sai ya faɗi abin da yake godiya a kai. Farfesa da kansa ya kafa dokar: ba a ƙorafi, kuma ba a katse mai riƙe da dutse ko da rufin ɗakin zai rufto.

Ranar Litinin mahaifin Marisol Quispe, ɗalibarsa 'yar Peru, ya rasu. 'Yan'uwa suka ce za su jira ta zuwa Asabar kafin a binne shi. Ta shiga ofishinsa idonta jajir.

"Farfesa, ina neman izinin zuwa gida."

"Haba Marisol, ki kira ni Garrett kawai! Nan duk ɗaya muke." Ya tura mata akwatin donat. "Kin san baƙi daga ma'aikatar lafiya za su zo ran Alhamis, har ƙarshen mako suna nan. So suke su kai tsarina duk asibitocin lardi. Ke ce fuskar ɗalibanmu na waje."

"Babana ne fa."

"Shi ya sa! Wannan dama ce ta gwada juriyarki. In kuma kika tafi, ki nemi wani ya duba miki bincikenki." Ya faɗa yana murmushi.

A bakin ƙofa ta ci karo da Deshawn, abokin karatunta, wanda ya ji komai.

"Ke ma dai, 'yar Peru," in ji shi, "me ya sa tsohon bai duba jadawalin Garrett ba kafin ya tafi?"

"Rufa min baki, sarkin surutu."

"Na rufe. Amma ran Alhamis dutse zai zo hannunki. Ni dai ban ce komai ba."

Alhamis ta zo. Uwargida Bouchard, jagorar baƙin, ta zauna cikin zagayen da kofinta. Wani ya gode wa dusar ƙanƙara, wata ta gode wa kyanwarta. Farfesa sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Dutse ya iso hannun Marisol.

"Ina godiya ga Garrett," ta ce, muryarta a kwance. "Babana ya rasu ran Litinin. Na so zuwa jana'iza, ya nuna min cewa zaman nan ya fi. Ina godiya da ya ce zai jefar da bincikena in na tafi, don hakan ya sauƙaƙa min zaɓi."

"Marisol, ina ga..."

"A'a, Garrett," Deshawn ya ɗaga yatsa. "Dutse yana hannunta."

Ta ci gaba. Ta gode da wayar salula, wadda za ta kalli kabarin ubanta a ciki. Ta gode da donat. Babu kalmar ƙorafi ko ɗaya, doka ta cika cif. Sannan ta miƙa dutsen ga na kusa da ita, wato Uwargida Bouchard.

Matar ta juya shi a tafin hannu.

"Ni kuma ina godiya da na zo na gani da idona," ta ce. "'Yata, ɗauko jakarki. Motata tana waje, filin jirgi ba nisa."

Marisol ta riski jana'izar mahaifinta, kuma wata malama ta karɓi bincikenta. Ma'aikatar lafiya ta fasa ɗaukar tsarin. Jami'a ta tuɓe Farfesa Lindqvist daga shugabanci, ta hana shi kula da ɗalibai, ta kuma tura shi kwas na tilas kan tausayi, duk Alhamis da safe.