Tsamiyar Taka Birki

Kowa a tashar Karaye ya san takalman birkin a-kori-kurar Ɗanmaliki sun cinye tun kafin soja su karɓi mulki. In zai tsaya a Rogo, tun daga wata tsamiya can bayan gari yake fara taka birki.

Ranar da makaniki ya sa masa sababbi, ƙafarsa ba ta sami labari ba. Yana isa tsamiyar ya taka iya ƙarfinsa. Mota ta tsaya cak, fasinja da awaki suka hau kan juna.

Tsohuwa Hajjo ta zaro kanta daga ƙarƙashin buhun gyaɗa, ta dubi daji.

"Sannu, ɗan nan. Mun daɗe muna roƙon Allah motarka ta tsaya, ashe ba mu faɗi wurin ba."