Marfin Injin Motar Malam Ari

Malam Ari ya rasu da hantsi. Tun kafin a gama yi masa wanka, 'yarsa Zulfa ta faɗi abin da ya gaya mata lokacin da ciwo ya tsananta, tana shafa masa man zafi a ƙafa: a kai shi ƙauyensu na bayan Auyo, kusa da kabarin mahaifiyarsa, kuma a motarsa.

Motar tsohuwar Fijo ce a-kori-kura, ta girmi Zulfa da yayanta Haris. Da ita marigayin ya yi dakon shinkafa da kifi daga fadama zuwa kasuwar Haɗeja har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu tana bayan gida ƙarƙashin darbejiya, duk ruwan da aka zuba mata sai ya tsiyaye ƙasa.

"Ba a ajiye gawa saboda mota, Zulfa," in ji Haris cikin sanyin murya. "Ana idar da azahar za mu tafi. In ba ta tashi ba, ga bas ɗin maƙwabta."

Ba ta musa ba, don ta san yana da gaskiya. Sai dai ta aika aka kira Baba Gana, bakaniken da suka tashi tare da mahaifinta.

Tsohon ya zo, ya yi gaisuwa, ya wuce ya ɗaga bonet. Ya nuna mata wani zagayayyen marfin ƙarfe a jikin injin, wanda ke toshe hanyar ruwa. Tsatsa ta huda shi.

"An ce a ƙasashen sanyi, in ruwa ya daskare, shi ke fara ɓallewa," in ji shi. "Mu nan ina muka ga ƙanƙara? Taurin kan ubanki ne ya cinye shi."

Zulfa ta gane nufinsa. Malam Ari bai taɓa zuba ruwan famfo a lagireto ba. Duk sanda ya zo bakin kogi sai ya tsaya, ya ɗebo a jarka, ya kurɓa, ya ba motar sauran. Yakan ce abin da ya sha shi za ta sha.

Baba Gana ya ɗora bakin ƙusa mai kauri a gefen marfin. Ya ce a gefe ake dukansa ya karkace, sannan a kamo shi da filaya. Amma idonsa ya cika da ƙwalla. Gudumar ta sauka, ƙusar ta zame tsakiya, marfin ya faɗa cikin injin.

"Inna lillahi," ya ce. "Ari, har yau sai ka wahalar da ni?"

Ya zura filaya, ba ta kai ba. Ya zura yatsa, sai laka. Ya ce in aka bar shi a ciki zai iya tare ruwa, motar ta ɗau zafi a hanya da gawa a baya, shi kuwa ba zai yarda da wannan ba. Daga ƙofar gida ana jin maza sun fara neman butoci.

Zulfa ta zaga ta buɗe aljihun gaban motar. Ƙugiyar mahaifinta na nan, naɗe da zarenta a jikin guntun kara. Da ita yake kama tarwaɗa in yana jiran a gama lodi. Ta miƙa wa tsohon.

Ya dubi hannuwansa, ya girgiza kai. "Ke za ki yi, 'yata."

Ta naɗe hijabinta, ta ɗaura ƙugiyar a bakin wata wayar ƙarfe, ta sunkuya. Baƙar laka ta riƙa fitowa da yashi, tana warin fadama bayan janyewar ruwa. Ladan ya fara kiran salla. Ta lumshe ido tana lalube, har ta ji ƙugiyar ta shiga hudar da tsatsa ta yi. Ta jawo a hankali. Da gefen marfin ya leƙo, Baba Gana ya cafke shi da filaya.

Ya goge bakin ramin da sanfefa, ya ɗauko sabon marfi na tagulla daga gwangwaninsa, ya shafa masa gam. Ya ɗora soket ɗin kwance noti daidai faɗinsa, ya riƙa bugawa kaɗan-kaɗan har ya zauna daram. Wannan karon hannun bai kuskure ba.

Haris ya taho da bokitin ruwan famfo. Zulfa kuwa ta riga ta jawo jarkar da ke bayan kujera, da sauran ruwan da marigayin ya ɗebo a tafiyarsa ta ƙarshe.

"Wannan ruwan fa shi ya kashe marfin farko," in ji Baba Gana.

"Na sani, Baba. Na yau ne kawai."

Haris ya ajiye bokitin, ya karɓi jarkar, ya zuba da kansa.

Bayan an sallaci gawar, aka ɗora makarar a bayan motar, Baba Gana ya shiga mazaunin direba. Mata ba sa rakiya, don haka Zulfa ta tsaya a bakin zaure har ƙarar injin ta ɓace. Sannan ta koma ƙarƙashin darbejiyar, da tsohon marfin a tafin hannunta, ta tsuguna inda motar ta daɗe tana ruri kafin ta fita. Ta taɓa ƙasar. Ban da lakar da ta zaƙulo, ko ɗigo babu.