Uwar da Takarda Ta Sani

A hawa na uku suka dire kujerar don su huta. Lif ɗin gidan ya kwana tara a lalace, shi ya sa Alhassan da Hambali mai tasi suka ɗauko Safiatu a kujerar roba tun daga bakin titi, 'yarta Rafia na biye da su da jakar magunguna. Ba don ta warke asibiti suka sallame ta ba. Likita ya ce abin da ya rage a yi mata shi a gida.

"Malam Alhassan, haki kake kamar ka ɗauko buhun masara," in ji Safiatu. "Ni da ban fi kaza nauyi ba yanzu."

"Ba ke ba ce, Hajiya, kujerar ce."

"To ajiye kujerar ka goya ni, mu ji abin da matarka za ta ce."

Hambali ya yi dariya har ya dafa bango. Rafia ba ta yi ba. Ta gyara wa uwar mayafi, ta ce, "Yaya, ki daina magana, numfashinki."

Yaya take ce mata. Shekara huɗu suna maƙwabtaka a hawa na biyar a unguwar Highbridge, nan ƙasar Turawa, ƙofa na kallon ƙofa, Alhassan bai taɓa jin ta kira ta da wani suna ba, ita ma Safiatu bai taɓa jin sunan Rafia a bakinta ba. 'Yar fari ce. A Zangon Kumasi, inda dukansu suka taso, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ranar da aka yaye Rafia, kakarta Zaituna, mahaifiyar Safiatu, ta goya ta ta tafi da ita. A ɗakinta ta yi ƙyanda, a ɗakinta ta koyi hura wuta, ita ta raka ta makaranta ranar farko, ita take kira Inna.

Alhassan ya san duk wannan ne saboda shi ke cike wa mutanen gidan takardu. Gadin garejin motoci yake yi, Turancinsa kuma a jaridun da ake mantawa a jirgin ƙasa ya tsince shi. Kullum sai ya fara da cewa shi ba lauya ba ne, sannan ya sa tabarau. Shekarar da Rafia ta zama 'yar ƙasa, ta ƙwanƙwasa masa da kayan aikin jinya a jikinta, ta ce za ta kawo uwarta.

"Sunanta?"

"Zaituna."

"Ita ta haife ki?"

"Ita ta raine ni."

Ya karanta takardar sau biyu, ya je ya tambayi lauyan da ke zuwa masallacinsu na unguwar Morrisania, ya dawo ya gaya mata. Akwai gurbin uwa, akwai na uba, babu na kaka. Rafia ta daɗe tana kallon biron da ke hannunsa. Zaituna ce da kanta ta yanke maganar a waya: a kai waccan da ta haife ta, ƙafarta na ciwo, can akwai magani.

Ko zuwan Safiatu sai da ya sha wuya. A wurin intabiyu a Accra aka ce ta faɗi sunan 'yar da za ta je wa, ta sunkuyar da kai. Tafinta ya matsa, ta ce, "Ta wajen Inna." Aka tambaye ta makarantar da yarinyar ta yi, ba ta sani ba. Sai da aka yi gwajin jini, aka ƙara wata takwas, kafin a yarda ita ce uwar.

Abin ya daɗe yana cin Alhassan a rumfar gadinsa. Ya yarda dole doka ta ja layi a wani wuri. In aka buɗe wa kaka, gobe gwaggo ce, shi kansa gwaggo ta riƙe shi. Amma waɗanda suka ja layin, a ganinsa, mutane ne da wadda ta haifa ita ke raino a garinsu. Wadda ta san kowane tabo a jikin yarinyar ba a ma kira ta ba, wadda kunya ta hana ta faɗin sunanta ita jini ya tsaya wa. Bai ga wanda ya yi mugunta ba, kuma bai ga adalcin ba.

Suka ɗauki kujerar suka ƙarasa. Da aka kwantar da Safiatu kusa da taga, ta riƙe masa hannun riga.

"Takardar tsohuwa fa?"

"Ranar Alhamis za ta shiga intabiyu."

Bizar ziyara ce suka nema wa Zaituna, ta zo ta ga 'yarta kafin ta cika. Alhassan ne ya rubuta wasiƙar, ya haɗa da ta likita. Washegari ya kira Kumasi ya yi wa tsohuwar bita.

"Inna, za su tambaye ki ko za ki koma. Ki ce za ki koma. Ki ce kina da ɗaki, kina da jikoki."

"Wane ɗaki? Wanda yake yoyo?"

"Ki dai ce za ki koma."

"Kai ɗan gidan wa ne ma?"

"Na gidan Sarkin Fawa, bayan masallacin Juma'a."

"Au, ku ne masu ba da nama rabi ƙashi. To na ji."

A kwanakin nan Safiatu ba ta cin komai sai koko cokali uku, amma bakinta bai mutu ba. In Rafia ta tafi aiki, matar Alhassan ke zama da ita, shi kuma ya leƙo da yamma su zaga Zango a baki: mai waake, wato shinkafa da wake, ta bakin kwata da ke zuba wa yaran makaranta ƙari, motocin Tamale da ke sauke doya da hantsi, ranar da tunkiyar liman ta shiga sahun salla. Wani lokaci sai ta kalli ginin da ke tsallaken titi.

"Yarinyar nan ta yi mini komai," ta ce masa ran Laraba. "Wanka, magani, komai. Amma in ta shigo da kwano, ina ganin idonta. Ba ni ta dafa wa ba."

"Hajiya, kar ki ce haka."

"Ba ƙorafi nake ba. Wurin wata aka ba ni, na zauna. In tsohuwa ta zo, ko sati ɗaya ne, a ga an mayar wa mai abu abinsa."

Ranar Alhamis da safe, yana shirin fita, ya tarar da Rafia zaune a matakala, waya a cinya. Abdul-Fatawu, ƙanen Safiatu da ya raka tsohuwar Accra, shi ya kira. An hana ta bizar.

"Me ta ce musu?"

"An tambaye ta wa take da shi a Ghana da zai sa ta dawo. Ta ce nata duka suna nan wajenmu, wadda ta haifa da wadda ta goya. An ce yaushe za ta dawo, ta ce in ta ga 'ya'yanta, sauran na Allah ne." Rafia ta share hanci. "Kawu ya yi mata faɗa, ta ce da furfurarta ba za ta yi wa yaro sa'an jikanta ƙarya ba. Ankul, ba zan iya gaya mata ba."

Shi ya shiga. Bai kai ga zama ba Safiatu ta dubi fuskarsa.

"Gaskiya ta gaya musu, ko?"

"Ita ta gaya musu."

Ta yi 'yar dariya da ta koma tari. "Na san za a yi haka. Matar da ta mayar da akuyar da ta biyo ta gida har unguwar Aboabo a ƙafa."

Ranar Lahadi bayan azahar numfashinta ya canja. Matar Alhassan ta jiƙa auduga tana ɗiga mata ruwa, shi yana bakin ƙofa yana karanta abin da ya sawwaƙa. Rafia ta kira Kumasi ta buɗe muryar wayar, ta ɗora a matashi kusa da kunnen uwar.

"Ke, kina ji na?" in ji Zaituna. Muryarta ta tsufa amma ba ta rawa.

"Ina ji, Inna."

"Sun ce ba zan zo ba."

"Na ji. Ki yafe mini, na zauna miki a wuri."

"Wa ya tura ki? Ba ni ba? Yi shiru. Yarinyar na nan?"

"Ga ni, Inna," in ji Rafia.

"Kama mata hannu. Ba ta wuyan hannu ba, ba awo za ki yi mata ba. Sa tafinki a nata."

Rafia ta sa. Alhassan ya ga yatsun Safiatu sun yi jinkiri, sannan suka rufe a kan na 'yar.

Wani ƙara ya taso a wayar, ya fara rufe muryar tsohuwar. Safiatu ta buɗe ido.

"Ruwa ake yi?"

"Yanzu ya sauko. Bari in shiga ciki."

"A'a, zauna nan. Bar ni in ji."

Tsohuwar ta zauna. Ta yi kalmar shahada a hankali, Rafia ta maimaita a kunnen uwar, leɓen Safiatu ya motsa sau biyu. Bayan ɗan lokaci matar Alhassan ta ajiye audugar, ta shafa mata ido, ta ja zane.

Ba wanda ya taɓa wayar. Hasken ranar Oktoba ya shigo ta taga ya kwanta a gefen gadon, bas ta tsaya a ƙasa ta tashi, a kan matashin kuma ruwan Kumasi na ta dukan kwanon rufi.